Ƙoƙon Mai Tsutsa

In ka shiga Kasuwar Dole ta Damagaram a ƙarshen zamanin Nasara ka ce Nomau kake nema, sai a tambaye ka wane Nomau, don kowane gidan manoma yana da nasa. In ka ce Nomau mai kifi, sai a yi tsuru-tsuru ana kallon juna. Amma ka ce Mai Tsutsa, ko makahon bakin ƙofa zai kwatanta maka: ka bi ta bayan masu yaji, inda ƙaurin man gyaɗa ya tare ka, nan ne. Shi kuwa bawan Allahn nan, duk duniya babu abin da ya tsana irin sunan nan. Shekara da shekaru bai taɓa amsa shi ba. Ka tsaya a kansa ka yi ta kira, zai ci gaba da aikinsa kamar kurma, sai ka gaji ka ce Nomau, sannan ya ɗago.

Ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gaffati. Gero ya sani, da dawa, da gyaɗa. Kifi kuwa har gemu ya fara fito masa bai taɓa riƙe shi a hannu ba. Shekarar da aka zo ɗibar soja, mai gari ya jera samari a ƙofar gidansa, wani Nasara ya bi su yana duba haƙora yana ƙwanƙwasa ƙirji kamar mai sayen jaki, ya nuna Nomau da sanda. Kamyo, wato babbar mota, ta kai su iyakar inda kamyo ke zuwa, jirgin ƙasa ya karɓa, jirgin ruwa ya ƙarasa, aka sauke shi a wani barikin soja a bakin teku, can Dakar. Bindiga ba ta daɗe a hannunsa ba. Sarjan, wato sajen da ke kansu, ya lura mutum ne mai sanyin hali, ba surutu ba gardama, ya tura shi madafa.

A madafar nan ya ƙare sojansa. Kullum da safe a kawo kifin teku kwando-kwando, wani ya kai tsawon hannun mutum, wani sai mutum biyu sun ɗaga. Wani tsoho ɗan ƙasar, wanda shi ne babba a madafar, shi ya koya masa aiki, da nuni, don ba sa jin yaren juna. Ya ɗaga murfin kunnen kifi, ya buɗe jan naman nan da kifi ke shaƙar ruwa da shi, ya sa tsinke ya ɗauko wata aba ya ɗora a farce. Tsutsa ce, amma ba irin ta taki ko ta gyambo ba. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar ganyen tsamiya, ba ƙafa, ba kan da za ka gane, tana manne tana shan jinin kifin. Wata a kunne take, wata a hanji, wata a ƙarƙashin fata. Tsohon ya jefa ta cikin wani gwangwani da ke gefe, ya nuna wa Nomau gwangwanin da yatsa, ya sake nunawa.

Gwangwanin nan shi ne dokar madafar. In hantsi ya yi sarjan zai shigo, ba ya duba kifi, gwangwani yake dubawa. In ya tarar da tsutsa a ciki sai ya gyaɗa kai ya wuce, an yi aiki ke nan. In ya tarar da shi wayam, ranar kowa zai ji a jikinsa, don a ganinsa kifi ba ya zuwa babu ita, sai dai malalaci bai nema ba. Haka Nomau ya yi shekaru a sunkuye, har abin ya zauna masa a ƙashi: gwangwani cike mutunci ne, gwangwani wofi abin kunya. Wannan karatun ya ɗauko ya taho da shi gida, shi da ciwon baya, da wata tsohuwar rigar soja.

Da aka sallame shi ya tarar mahaifinsa ya rasu, an raba gona. Rabonsa wata 'yar jigawa ce da ko ƙarangiya sai ta ga dama take fitowa. Ya gwada damina biyu bai cika rumbu ba. Ya tattara ya shigo gari, ya sauka a unguwar Zango, ya taɓa dako baya ya ƙi. A nan ya auri Shatu, wata bazawara mai suyar ƙosai, mace mai kaifin baki da tsabtar kasko. Wata rana ya raka wani zuwa Mirriya, a hanya suka ratsa ta wani tafki da ba ya ƙafewa, ya ga masunta suna jan koma cike da karfasa, ba mai saye sai 'yan ƙauyukan gefe. Ya tsaya yana kallo har abokin tafiyarsa ya gaji da jira. Da ya dawo ya ce wa Shatu, "Ni na san kifi, ke kin san mai. Me muke jira?" Ta sayar da akuyarta, ya haɗa da ɗan abin da ke hannunsa, aka sayi jaki.

Ranar farko a kasuwa, Shatu na hura wuta, ya tsaga karfasa ya ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle rawaya a cikin tsoka, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba. Ya zaro wata ƙayar aduwa da ta maƙale a mangalar jaki, ya huda ɗaya, sai ga abu ya miƙe, shimfiɗaɗɗe, yana motsi a hankali. Nomau ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ashe kin riga ni zuwa gida," ya ce wa tsutsar. Ba irin ta teku ba ce sak, amma dangi ne, ko makaho ya shafa zai faɗa. Ya nemi gwangwani babu, ya ɗauki ƙoƙon da Shatu ke zuba gishiri, ya zauna ya bi kifin nan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya ajiye ƙoƙon a gaban faifan kifi, a fili, inda duk mai wucewa zai gani. Yana jira a gyaɗa masa kai.

Allah sarki! Ya manta Kasuwar Dole ba bariki ba ce.

Rumfar da ke kusa da su ta wani Bakano ce, Abba, mai sayar da goro da turare, ɗan gajere mai ƙatuwar murya. Kanawa da Damagarawa kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni; Bakano ya tsokani Badamagare a tsakiyar kasuwa, sai dai a rama, ba a fushi. Abba ya leƙo, ya sunkuya kan ƙoƙon, ya ja da baya ya kama baki.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga inda yunwa ta kai Damagarawa! Kai bawana, nawa-nawa kake sayar da tsutsar?"

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji Nomau. "Daga cikin kifin na cire."

"Kun ji ko? Tsutsa ce haja, kifin gyara ne! Sayi ƙoƙo ɗaya a ɗora maka karfasa. Sannu da ƙoƙari, Mai Tsutsa!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Da Nomau ɗan gari ne wanda bakinsa ya saba, da sai ya ce ai don Kanawa ya tara, ya ji sun fi son ta a miyar kuka, a yi dariya a watse, gobe kowa ya manta. Wasa da wasa ake kashe shi. Amma shekarun madafa sun cinye masa baki. Ya miƙe tsaye, ƙoƙo a hannu, jijiyar wuya ta fito, ya shiga bayani: kowane kifi yana da ita, na teku ma yana da ita, a Dakar sarjan da kansa yake dubawa. Yana yi yana haɗawa da guntun Faransanci. Yana ƙara bayani ana ƙara taruwa, yana miƙa ƙoƙo mata suna toshe hanci. Kafin la'asar sunan ya kai mahauta, ya kai masu tukwane, ya fita ƙofar kasuwa ya shiga unguwar Birni.

Sana'a dai ta kama, amma ba a hannunsa ba. Da aka ga Damagaram za ta ci ɗanyen kifi in ta samu, wani Mamman mai sayar da itace ya juya jakinsa zuwa tafki, wasu biyu suka bi shi. Tafki ɗaya, masunta ɗaya, kifi ɗaya. Su dai su kankare, su fasa ciki, su watsa cikin mai. Tsutsar ta soyu a cikin tsoka ta yi ja, a barbaɗa yaji, wa zai gane ta? Mamman yakan ce wa masu saye, "Namu ba ya tsutsa. Ku duba da kyau, kun ga ƙoƙo a nan?" Kafin azahar sun kakkaɓe faifai sun tafi gida. Nomau yana nan har rana ta karkata, kifi ya huce ya ƙandare, ƙudaje suna zagaya ƙoƙo.

Kai, mutane! Mutum ya ga tsutsa a ƙoƙo ya tofar da yawu, ya matsa gaba kaɗan ya saye ta a soye ya cinye, har da lasar yatsa. Sannan ya koma gida yana ba iyalinsa labarin wani ƙazami a kasuwa.

Shatu ba ta iya ɓoye nata ba. Suna shiga gida da ragowar kifi za ta fara.

"Malam, don girman Allah, wa ya aike ka? Mai yana kashe ta. Wa ka taɓa ji kifin Mamman ya kwantar?"

"Mai yana kashe ta, ba ya fitar da ita."

"To ka cire, na yarda, amma ka zubar. Dole sai ka girke ta a gaba kamar kayan lefe?"

"In na zubar, da me za a san na cire?"

"Wa ya tambaye ka? Wa ke son ya sani?"

Sai ya jawo buta ya wanke hannu. Ba zai iya miƙa wa Musulmi abin da ya san yana ciki ba, ba zai iya kuma yin aiki ya ɓoye shaidarsa ba. Haka aka gina shi a madafa, ginin kuwa ya riga ya bushe.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Kullum yana idar da sallar asuba ya kora jaki zuwa tafki, ya tarar da masunta cikin ruwa har ƙugu, zalɓe na tsaye a gefe yana jiran rabonsa. Ya dawo da hantsi, kifi lulluɓe da ɗanyar ciyawa, ya zauna ya sunkuya. Baya ya ƙara lanƙwashewa. Ido ya fara hazo, har sai ya kawo kifin kusa da hanci. Yatsunsa duk tabon ƙaya, ta aduwa da ta kifi. Jakin farko ya mutu a shekarar da hatsi ya yi wuya, ya yi wata da watanni yana ɗauko kwando a ka. Duk wannan bai ci masa rai kamar sunan ba. Shatu ta je bakin rijiya, a ce a matsa wa matar Mai Tsutsa ta ɗiba. Shi ya je gaisuwar mutuwa a ƙauyensu, ya ji ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana gaya wa baƙi, ai wannan shi ne Mai Tsutsa na Damagaram.

Ba wai ya zauna ne ya naɗe hannu ba. A wani bikin unguwa ya ja maroƙi gefe, ya cusa masa abin goro, ya ce ya wasa shi da sunansa na gaskiya kowa ya ji. Maroƙi ya shiga fili ya ɗaga murya: Nomau ɗan Gaffati, Nomau sojan bakin teku, wanda ya ga ruwan da ba shi da gaɓa! Nomau har ya fara gyara zama. Sai maroƙi ya ga jama'a suna waige-waige suna tambayar wa ake nufi, shi kuwa ba ya son kirarinsa ya faɗi ƙasa, ya ƙara da cewa, Mai Tsutsa ke nan, ba ka da na biyu! Mata suka rangaɗa guɗa.

Har gaban sarkin kasuwa ya kai ƙara. Ya sa rigarsa ta soja, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ce shi Nomau uwarsa ta kira shi, yana roƙo a yi shela a daina ɓata masa suna. Sarkin kasuwa tsoho ne, kunne ya yi nauyi. Ya karkata wajen wanda ke zaune kusa da shi ya ce, "Me Mai Tsutsa ke cewa?" Zauren ya ɗauki dariya. Nomau ya tashi ya ɗauki takalmansa. Daga nan ya yi shekara guda ba ya gaisawa da Abba, wannan ma ya zama wani abin dariyar, don ba a taɓa jin wanda ya yi gaba da abokin wasa ba.

Abin da ya riƙe gidan bai rushe ba, wasu 'yan masu saye ne ƙalilan da ba sa fashi, kuma kusan dukkansu ta hannun mace ɗaya suke zuwa. Iya Talatu ce, ungozomar Zango, doguwar tsohuwa mai jan haƙoran goro, rabin unguwa ita ta yanke musu cibiya. In mace ta haihu ita ke faɗin abin da za a ba ta, kuma takan ce a yi wa mai jego romon kifi da yaji. Da kanta take zuwa saye. Ba ta fara kallon faifai. Sai ta tsuguna gaban ƙoƙo, ta tsinci tsinke a ƙasa ta jujjuya abin da ke ciki, ta ce, "Yau da yawa, Mai Tsutsa," sannan ta nuna kifin da take so. Matan da take turowa su ma haka suke yi, masu jinyar tsoho da masu ɗan yaye. Da a farkon zuwansa ne, da Nomau ya gane sarjan ne ya dawo masa ɗaure da zane. Amma an yi masa dariya har ya daina bambance mai dubawa da mai ba'a, tunda ita ma da sunan take kiransa. Sai ya ɗaure fuska ya naɗe mata a ganye, ba ko kallo.

Ana nan aka shiga hayaniyar ƙuri'a, masu "wi" da masu "no", wato masu son a ci gaba da zama da Nasara da masu ƙi, kamyo cike da samari suna zagaya gari suna ihu. Nomau bai sa baki ba, shi duniyarsa daga tafki sai kasuwa. Sai daminar da aka ce Nasara sun miƙa mulki. Aka sauke tuta aka ɗaga wata a gaban biron kumandan, ofishin babban Nasaran garin. Wanda jiya ake ce wa tafinta, yau an ce a kira shi da wani suna mai nauyi. Hanyoyi ma aka ce za a sake musu suna. A ranar nan Abba, wanda tsufa ya fara rage masa murya, ya miƙo masa farin goro ya ce, "Bawana, da suna zane ne, da tuni na karɓi abina." Nomau ya karɓi goron, maganar sake suna ta shiga kansa ta zauna.

Da suka koma gida ya ce wa Shatu, "Ƙasa guda ta tuɓe rigar da aka sa mata, ni ne zan kasa?"

"Me kake nufi, Malam?"

"Maganarki. Daga gobe a gida zan gyara kifi. Abin da na cire ki ba kaji. Ƙoƙon nan kada ya sake taka kasuwa."

Shatu ta yi guɗa a tsakar gida har maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ta kife ƙoƙon a bayan randa, ta sayo sabon faifai, ta wanke masa riga.

Washegari ya zauna gaban kifinsa tsaf, ba ƙoƙo ba ƙuda, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya ɗaga murya ya yi talla. "Ga kifi! Ga kifin Nomau!" Wani mahauci da ke wucewa da cinyar sa a kafaɗa ya ce, "A'a, Mai Tsutsa, yau ina hajar? Har ta ƙare?" Mutanen Mamman suna wajen Mamman. Wanda ya yi shekaru yana tofar da yawu in ya zo daidai nan, bai fasa ba don ƙoƙo ya ɓace. Nomau ya ce a ransa sannu ba ta hana zuwa.

Bayan kwana kaɗan sai ga Iya Talatu. Ta tsuguna inda ta saba, ta tsinci tsinke, sai hannunta ya tsaya.

"Ina ƙoƙon?"

"Na bar shi gida, Iya."

"Ka gaji ke nan. Ka bi sahun su Mamman."

"Wallahi tallahi na cire. A gida na cire, ɗaya bayan ɗaya. Kaji suka cinye."

"Haka ne, Iya," in ji Shatu daga bakin kasko. "A gabana aka yi."

Tsohuwa ta dube su, ta yar da tsinken. "Ni ban ce kun yi ƙarya ba, ɗana. Amma 'yar mutane ce kwance da ɗanyen jiki, uwarta ta damƙa mini ita. Mamman ma rantsuwa yake yi nasa ba ya tsutsa. In na koma aka ce Iya kin duba, me zan ce na duba? Bakinka?" Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Abin da ban gani a ƙoƙo ba, a wurina yana cikin kifi." Ta wuce wajen mahauta ta sayi kan rago.

Maganar ungozoma kuwa ba ta buƙatar mai shela. Kafin mako ya zagayo duk matan Zango sun ji wai Mai Tsutsa ya daina cirewa. Masu jego suka koma romon nama, masu jinya suka ɗauke ƙafa. An gudu ba a tsira ba: sunan yana nan daram, cinikin da ke bin sunan ya tafi. Nomau ya yi taurin kai. Ya ci gaba da kora jaki, yana sunkuyawa a tsakar gida yana cirewa, kaji suna ƙiba, yana kai kifi kasuwa yana dawowa da shi. Suka ci har ya fita ransu, suka ba maƙwabta, suka shanya a kan danga. Masunta suka fara barin Mamman ya zaɓa kafin shi. Man gyaɗa ya ƙare, Shatu ta koma tace tsohon mai da tsumma, har ya yi baƙi yana ɗaci.

Wata safiya ya dawo daga tafki, ya sauke mangala a tsakar gida zai zauna, sai ya ga Shatu ta riga ta ɗora kasko a ka. Ƙoƙon yana hannunta, ta goge shi da toka, ga sabuwar ƙayar aduwa a ciki.

"Ke ma?" in ji shi.

"Ni ma, Malam. Ni na ce a ɓoye, ni na fiddo. Na gaji da abin da ake kirana a bakin rijiya, Allah ya sani. Amma geron da ke ɗaki ba zai kai Juma'a ba."

"Shekara nawa ina gudunsa, Shatu."

"Na sani. Ai ina gefenka."

Ya daɗe yana kallon ƙoƙon. Wata gajiya ta sauko masa, irin wadda barci ba ya maganinta. Bai yi faɗa ba, bai kuma ce ta yi gaskiya ba. Ya mayar da mangala bisa jaki.

A kasuwa ya zauna a fili kamar da, ya tsaga, ya huda, ya cire. Da ƙoƙo ya yi rabi ya tura shi gaban faifai. Kifi ya soyu, ƙamshi ya tashi, ba wanda ya tsaya. Wa zai gaya wa matan Zango an dawo da ƙoƙo? Sun daina ma bi ta wajen. Can da azahar ta gabato ya hango Iya Talatu daga nesa a jerin masu yaji, ta ba shi baya, tana ƙulle citta da kanwa a bakin zane. Akwai mai jego ke nan, kuma daga nan mahauta za ta nufa.

"Ga kifi!" in ji shi. Muryar ta ɓace cikin ta su Mamman, su ma kifi suke kira.

"Ga kifin Nomau!" Wani Nomau mai sayar da igiya ya waiwayo, ya ga ba da shi ake ba, ya juya. Tsohuwa ta gama ƙulli ta fara tafiya.

Nomau ya dafa ƙasa ya miƙe, bayan nan yana ƙara. Ya ɗauki ƙoƙon ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

"Ga Mai Tsutsa! Jama'a, ga Mai Tsutsa nan! Mai Tsutsa ya dawo da ƙoƙonsa!"

Abba ya buɗe baki, ga wasa ya zo masa har gida, sai ya rufe, ya sunkuyar da kai yana yayyafa wa goronsa ruwa. Shatu ta shiga juya kifin da ta riga ta juya. Can gaba wani ya yi dariya, ba wanda ya taya shi.

Iya Talatu ta waiwayo. Ta tako a hankali ta tsuguna, shi ma ya sauke ƙoƙon ya zauna. Ta tsinci tsinke ta jujjuya, ta daɗe tana jujjuyawa, sannan ta nuna manyan karfasa. Ya naɗe mata a ganye. Ta miƙe har ta fara tafiya, sai ta juyo.

"Gobe ma akwai wata a Birni, tagwaye ta haifa. Ka ajiye mini masu tsoka. Mai Tsutsa!"

"Na'am, Iya," in ji shi, ya jawo kwando ya ɗauki ƙayarsa.